“Da Sauƙi” a Ɗakin Sa Ido

Ku yaran nan masu zuwa koyon aikin jinya, ina lura da ku. Duk wadda aka ce mata yau ita ce a ɗakin sa ido, sai ta yi murmushi ta duba cajin wayarta, wai ta samu wurin hutu. Gadajen ba su da yawa, waɗanda ke kai galibi barci suke yi, likita kuma sai jefi-jefi yake leƙowa. Ban ga laifinku ba, daga bakin ƙofa haka ɗakin yake. Ni a cikinsa furfura ta same ni, kuma duk faɗin Batsari ni kaɗai ce 'yar sa ido da ake biya albashi a ƙarshen wata. Sauran 'yan sa idon unguwa kyauta suke yi, sun ma fi ni ƙwazo.

Ɗakin sa ido shi ne inda ake ajiye wanda likita bai gama gane ciwonsa ba. Abin bai kai a ba shi gado ba, bai kuma yi sauƙin da za a ce ya sha magani ya tafi gida ba. Sai likita ya ce, “Sista Fanna, a sa masa ido,” ya wuce. Daga nan aiki ya zama naka, ka zauna ka ga inda jikin zai karkata.

Wuyan hannu ne farkon abin da aka ba ni a sana'ar nan. A wani ɗan asibitin sha-ka-tafi ne a Safana, wajen Malam Iro Diresa, mai allura da ɗaurin rauni, Allah ya jiƙansa. Na je da ɗokin yin allura, ya ƙi ko bari in taɓa tukunyar da ake dafa alluran. Sai ya zaunar da ni a benci, duk wanda ya shigo ya ce in kama hannunsa in ji bugun jini, in yi shiru. Wata da watanni ina kama hannuwan mutane. Hannun manomi yana da kaushi, sai ka danna kafin ka ji komai. Hannun mai tallar nono yana ƙamshin man shanu da hayaƙi. Tun ina jin duk bugun ɗaya ne, har na fara rarrabe mai gudu, da mai ɗingishi, da wanda yake tafiya yana tsayawa kamar mai jiran wani a baya.

Wata rana wani dattijo ya zo daga Tsaskiya a kan jaki, ya ce maganin mura yake so. Malam Iro ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi iyali da damina da gajiyar hanya, idonsa kuwa na ƙasa. Da dattijon ya fita alwala, ya ce da ni, “Me kika gani?” Na ce mura. Ya ce, “Takalminsa fa?” Na leƙa, ashe an tsaga takalmin robar da wuƙa ta gefe da gefe, don ƙafar ta kumbura ta daina shiga. Malam Iro ya ce, “Tsoho ba ya kawo ciwonsa a baki. Ki nema a takalmi, ki nema a yadda yake ɗaukar buta.” Ranar aka nemo mota aka wuce da dattijon babban asibiti, murar kuwa ko maganinta ba a ba shi ba.

Kayan aikina ba su cika tire ɗaya ba. Akwai ma'aunin zafi irin na gilashi da ake girgizawa, da abin awon jini mai robar matsawa, wanda na sha ɗinke rigarsa har ba a gane asalin yadin, da agogon da nake maƙalawa a ƙirji, sai almakashi da auduga da filasta. Sannan kujera ta ƙarfe. Kada ku raina kujerar nan, inda ka ajiye ta shi ne rabin aikin. Ni a kusurwar yamma nake sa ta, inda zan ga ƙirjin kowa yana hawa da sauka ba tare da kowa ya ji ana kallonsa ba. Tsoho in ya san ana kallonsa, gyara numfashi yake yi, kamar yadda ake gyara zama in baƙo ya yi sallama.

Tsakanin azahar da la'asar ɗakin yakan zama wata duniya. Rana ta biyo ta cikin ganyen darbejiya ta zuba a bango tana motsi. Ledar ƙarin ruwa na ɗiga, ɗis, ɗis, fanka na juyi a hankali in da wuta, in babu ka ji kukan kurciya can nesa. A lokacin ne tsofaffi ke tafiya. Ido rabi a rufe, wannan yana gonarsa yana faɗa da jikoki a kan iri, waccan tana bakin rijiyar garinsu tana zance da ƙawar da ta rasu tun ba a haife ni ba. Na san rafuka da kasuwanni da gindin tsamiyoyi da yawa a ƙasar Safana da ban taɓa takawa ba, a bakin masu barci na ji su. Wani lokaci nakan rasa ko ni ce a zaune ina gadinsu, ko su ne suka ɗauke ni muka tafi. Amma idona na kan agogo, ina bin numfashi.

Da katin inshorar lafiya ya zo, tsofaffinmu sun yi murna. Za ka ga tsohuwa ta kwance bakin zane, ta warware leda, cikin ledar akwai wata leda, sannan kati ya fito, ta miƙa da hannu biyu. Kuma katin ya yi rana, ba zan rage masa ba. Ganin likita, maganin zazzaɓi, na hawan jini, duk yana ɗauka. In an ba ka gado a babban ɗaki ma, yana ɗauke kusan komai. Amma wanda ya tsara shi, ko wane ne, bai taɓa zama a ɗakina ba. A lissafinsa mutum iri biyu ne a duniya, wanda ya sha magani ya tafi, da wanda aka kwantar. Na tsakiya babu shi. Don haka ƙarin ruwa, gwajin jini, hoto, duk abin da aka yi maka a ɗakin sa ido daga aljihunka zai fito.

Na sha wuyar bayanin nan fiye da wuyar neman jijiya a hannun mai ƙiba. Wani tsoho daga Runka, da na ce masa ai ba a ba shi gado ba tukuna, sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yake kwance a kai ya ce, “To ɗiyata, wanga da nike bisa, jaki ne?” Dariya kawai na yi.

Sai shekarar da zaman ƙauye ya gagara saboda ɓarayin daji. Ku lokacin kuna ƙanana. Mutane suka yi ta kwararowa gari a kan babura da a-kori-kura, da tabarmi da tukwane da awaki, har makarantu suka cika. Matasa sukan zo da rauni, wannan an san maganinsa, a wanke a ɗinke. Tsofaffi kuwa sai sun sauka sun huta, sannan su fara narkewa. Ba ci, ba barci, ga jiri, ga zazzaɓi mai zuwa da komawa. A gwada jini a ga ba wani abin kirki. Babban ɗaki ya cika maƙil, gado ya zama abin tsimi, ba a bayarwa sai likita ya rubuta sunan ciwo ɓaro-ɓaro, in ba haka ba masu kati su ƙi biya. Duk wanda ciwonsa ba shi da suna, nawa ne.

A cikinsu aka kawo mini Inna Dije, Bafillatana daga wata ruga a wajen Babban Duhu, doguwa, siririya, da tsofaffin 'yan kunne na azurfa. Ɗanta Haro ne ya kawo ta a babur. Haro ba yaro ba ne, gemunsa ya fara fari, kuma shi ne ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, in ta kama dole sai ta ce “wancan”. In tana son ruwa, bango take duba ta ce, “Ko akwai ruwa a ɗakin ga.” Shi kuma ya miƙo yana kallon ƙasa. Daga garkensu guda saniya ɗaya ce ta tsira, wadda suke kira Fara. Tana ɗaure a gidan mai masaukinsu a bayan gari, kuma nononta ne abincin jikoki.

Zazzaɓi ne ya kawo ta. An sa ruwa, an yi gwaji, an sake wani. Kullum da safe in likita ya zo zagaye, Haro ya miƙe ya tsaya a gefen gado don ladabi. Likita ya ce, “Inna, yaya jikin?” Ta ce, “Da sauƙi.” Ya ce, “Ina ke miki ciwo?” Ta ce, “Babu, alhamdu lillahi, da sauƙi.” In ya kai hannu zai duba ta, sai ta ƙara ɗaure zane ta juya fuska bango.

Likitan ɗan yankin nan ne, shi ma a hannun kaka ya tashi. A baranda ya ce da ni, “Sista, na san ‘da sauƙi’ gaisuwa ce, ko mai gargara haka zai ce. Amma me zan rubuta? Ba zan danne uwar mutane in duba ta da ƙarfi ba. Ki samo mini inda ciwon yake, ni kuma in san yadda zan yi da gado.”

Ni kam na ga alamu. Gefe ɗaya kawai take kwanciya. In za ta ɗauki buta sai ta riƙe numfashi. Sallah a zaune take yi, ruku'u da sujada duk da ka. Amma alama ba suna ba ce. Na tambaye ta a hankali, na tambaye ta da dabara, na fitar da Haro na sake tambaya, ta ce tsufa ne. Ni baƙuwa ce a wurinta, mai fararen kaya, Fulani kuwa ba sa kuka a gaban baƙo.

Aljihun Haro ya ƙare. Akuyar matarsa ta tafi, ɗan geron da suka gudo da shi ya bi ta. Wata safiya ya same ni a bakin famfo, ya tsuguna ya ce, “Sista, gobe kasuwa. Na yi magana da dillali, za a kai Fara.”

Na koma na zauna kusa da ita na yi mata bayanin katin dalla-dalla, cewa zamanta a nan ne ke cin kuɗi, in ta faɗi ciwonta aka ba ta gado, kati zai ɗauka. Ta saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta ce, “Ɗiyata, tun kina goye nike tallar nono. Ban taɓa ganin kasuwar da babbar ƙwarya ta fi ƙarama araha ba. Ku dai sallame ni, na ji sauƙi.” Ashe nan gizo ke saƙar. Ita a ganinta kowace “da sauƙi” tana matso da ita gida, tana kare saniyar. Alhali kowace ɗaya wani kwanan take ƙara mata a ɗakin da kati bai san da shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, ba da ita ba, ban ma san da wa ba.

Washegari bayan azahar ina kan kujerata. Haro ya gaya mini dillali ya karɓi saniyar tun safe, ana ta tayi, zuwa la'asar za a sallama. Inna Dije tana cikin irin tafiyar nan tasu. Bakinta na motsi, tana kiran shanu ɗaya bayan ɗaya da Fillanci, da wata murya ta yarinya, tana ɗan ɗaga hannu kamar mai kora su rafi. Shanun da aka sace duk suna nan a wurinta, ba wadda ta ɓace. Ina cikin saurare sai kakata ta faɗo mini a rai, wadda aka sa mini sunanta. Kakannina Barebari ne, fatauci ya kawo su Batsari suka zauna. Na tuna yadda masu tallar nono ke shigowa gidanmu kai a ƙasa, amma da sun ga tsagar fuskarta sai su dire ƙwarya a fara zage-zage da shewa irin na wasan Fulani da Barebari, kowace na cewa ɗayar baiwarta ce. Abin da Bafillatana ba za ta faɗa wa mijinta ba, na ji an faɗa wa kakata a tsakar gida ana dariya.

Na ba Haro filas na ce ya je wajen mai shayi na bakin titi ya samo ruwan zafi. Na jira har ta buɗe ido, sannan na tsaya a kanta na riƙe ƙugu.

“Ke Bafillatana, kwanciyar ta isa haka. Tashi ki gai da uwargijiyarki.”

Ta dube ni kamar na zautu. “Wa ke wanga zance?”

“Fanna ce, jikar Barebari. Kin tare a gidana kina ci kina sha, ko gaisuwa babu.”

Ta ƙura wa fuskata ido. Sai na ga fuskar ta saki, wani abu ya kunno a idon. “La'ilaha illallahu! Ashe baiwata ce ke ta ɗawainiya da ni ban sani ba. Shi ya sa hannun ya iya aiki. Ina tsagar taki?”

“Boko ya hana.”

“Ɓatacciyar baiwa, ko shaida babu. Da a ruga ne, ko ɗan maraƙi ba a badawa a kanki.”

Na ce, “Ni kuwa na ga Fulani iri-iri, ban taɓa ganin marowaciya irinki ba. Mutane na rowar nono, suna rowar man shanu, ke har ciwo kike rowa. Kin ƙudundune shi a zane kin hana kowa gani. Ko jikoki za ki bar wa shi gado?”

Dariya ta kama ta. Ta so ta riƙe, ta ƙi riƙuwa, ta fito, kuma da fitowarta sai ta rikiɗe ta zama ƙara. “Wayyo Allah, haƙarƙarina!” Ta dafe gefen hagu, hawaye na zuba, tana haki tana zagina a tsakani. “Kin kashe ni, 'yar banzar baiwa.”

Na zauna a bakin gadon na ce, “Tun yaushe?”

“Tun ran da munka gudo. Fara ta tsorata a bakin kwazazzabo, ta fizge ni na hwaɗi bisa dutse. Amma ban saki igiyar ba.” Ta ɗan huta. “Wuta ce a ciki, Fanna. In na ja numfashi kamar ana soka mani wuƙa. Rabona da barcin kirki tun damina. Kada wancan shi ji.”

Ta bari na kwance zanen. A ƙarƙashinsa ta ɗaure wurin tam da tsumma da wani ganye da ya bushe. Gefen ya kumbura, yana da zafi kamar bayan tukunya.

Ta kama hannuna ta ce, “In likita ya gani, ku ba ni gado, a sai da Fara.”

“Inna, tsakanin Bafillace da Babarbare akwai zagi, amma kin taɓa jin cin amana? Wallahi gadon ne zai cece ta. Yau ɗaya na yarda, baiwarki ce ke gaya miki.”

Ta saki hannuna ta juya fuska bango. Sannan ta ce, “To kira shi. Amma ke za ki hwaɗi, ni ba ni cewa komi.”

Haka aka yi. Likita ya zo, ni na yi bayani, ita ta rufe fuska da mayafi. Ya taɓa, ya saurara, ya ce ƙashin haƙarƙari ne ya karye, ciwo ya taru a ƙarƙashinsa ya yi ruwa. Ya rubuta sunan ciwon, ya tafi babban ɗaki da kansa, ya dawo ya ce an sallami wata, a kawo keken marasa lafiya.

Na fita neman Haro, ban kuwa yi nisa ba. Yana zaune a ƙasa daidai ƙarƙashin taga, filas a tsakanin ƙafafunsa. Da na ga fuskarsa na san ya daɗe da dawowa.

Na ce, “An ba ta gado. Kira dillalinka.”

Ya ciro waya ya kira. Na ji yana cewa, “A'a, kada ka sallama. Ko nawa aka taya. A mai da ita gida.” Ya kashe wayar. Sai ya ce, “Sista, tunda aka haife ni ban taɓa jin dariyarta haka ba. Kukanta kuwa…” Bai ƙarasa ba. Can ya ce, “Ranar da zan kawo ta, da rawani na ɗaure ta a bayana don kada ta faɗi. Na ja ƙulli da ƙarfina, daidai wurin nan. Ga gargada, ga ramuka. Ko uffan ba ta ce ba.”

Na ce Allah ya ba ta lafiya. Ya ce amin. Ya ce, “Don Allah kada ki gaya mata na ji.”

Ya je famfo ya wanke fuska, ya sake wankewa, sannan ya shiga ya naɗe tabarmarta, ya ɗauki buta da ƙwarya, ya bi bayan keken daga nesa-nesa.

Ta warke, ta koma gida, ta yi wasu shekaru tana aiko mini da zagi ta bakin masu tallar nono. Har ta koma ga Allah ba ta san ya ji ba. Ni ma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku yau, don haka in kun haɗu da Haro a kasuwa, ku gaishe shi kawai ku wuce.